Shin Wanda Ya Tambayi Allah Kafin Ya Yi Biyayya Ya Dogara Gare Shi?

Dattijon ikilisiya: Salama gare ku, 'yan'uwa. A nazarin Littafi Mai Tsarki na ranar Laraba na yi wata magana da na lura ba ta kwanta wa wasunku ba, shi ya sa na kawo ta nan domin kowa ya tofa albarkacin bakinsa. Na ce mai bin da yake tsayawa neman dalili kafin ya yi wa Allah biyayya bai dogara gare shi ba tukuna. Hujjata ita ce Ibrahim a Farawa sura 22, wanda da aka umarce shi ya miƙa Ishaku hadaya a ƙasar Moriya, ya tashi da sassafe, ya faskara itace, ya kama hanya, sai a rana ta uku ya hango wurin. Duk tsawon tafiyar nan ba a rubuta cewa ya tambayi Allah komai ba.

Malamar makarantar Lahadi: Baba, a gafarce ni, amma ai Ibrahim ɗin nan ne a sura 18 ya tsaya gaban Ubangiji yana roƙo saboda Saduma, ya fara daga adalai 50, ya yi ta ragewa har ya sauko zuwa 10, har ma ya tambaya ko Mai shari'ar dukan duniya ba zai yi adalci ba. Idan tambaya alamar rashin dogara ce, to, da wane suna za mu kira wannan?

Dattijon ikilisiya: Malama, a can roƙo yake yi domin wasu. Ba umarni aka ba shi ya tsaya yana ciniki ba.

Ɗalibin tauhidi: Baba, bambancin da kuka kawo yana da ƙarfi, sai dai Luka sura 1 ba ta bar mu mu tsaya a nan ba. Mala'ika Jibra'ilu ya je wurin mutum biyu da albishirin haihuwa, kowannensu kuwa ya yi tambaya. Zakariya ya nemi abin da zai tabbatar masa, domin shi da Alisabatu sun tsufa, sai aka ce zai bebance har ranar da maganar za ta cika, saboda bai gaskata ba. Maryamu ta tambaya yadda abin zai yiwu tun da ba ta san namiji ba, aka yi mata bayani ba tare da tsawatarwa ba, ta kuma miƙa wuya a matsayin baiwar Ubangiji. A ganina, shi yana neman shaida ne kafin ya yarda, ita kuwa ta riga ta yarda, hanyar kawai take tambaya.

Mama ta Zumuntar Mata: Ni abin da ya fi damuna shi ne ɗaya gefen maganar, wato ɗaukar kowace biyayya a matsayin dogara. Yunusa ya shiga Nineba bayan Allah ya aike shi a karo na biyu, ya yi shelar cewa sauran kwana 40 a hallaka birnin, kamar yadda aka umarce shi, amma da mutanen suka tuba sai ya husata har ya roƙi mutuwa. Ƙafarsa ta je, zuciyarsa ba ta je ba. Mu iyaye mun san yaron da ake aika, ya tafi yana gunaguni domin tsoron bulala, kuma babu uwar da za ta ce wannan yaro ya amince da ita.

Akwai kuma abin da ba ma son faɗa a fili. Na taɓa zama a wata majami'a inda duk wanda ya tambayi yadda aka kashe baiko sai a karanta masa cewa biyayya ta fi hadaya, alhali Sama'ila ya faɗa wa Saul wannan ne a kan umarnin Allah game da Amalekawa, ba a kan umarnin wani shugaba ba.

Dattijon ikilisiya: Mama, wannan gaskiya ce, ban kuwa nufi biyayya ga fasto ko dattijo ba, domin an yabi mutanen Biriya da suka riƙa bincika Nassi kowace rana su ga ko abin da Bulus ya faɗa haka yake. Na janye rabin maganata: tambaya a kanta ba laifi ba ce. Amma ina nan a kan cewa wanda ya ce ba zai ɗaga ƙafa ba sai an gamsar da shi, ga hankalinsa ya dogara.

Ɗalibin tauhidi: Baba, to, ina za mu sa Gidiyon, wanda bai fita yaƙi da Madayanawa ba sai da ya shimfiɗa ulu sau biyu yana neman alama, amma Ibraniyawa sura 11 ta lissafta shi cikin masu bangaskiya?

Dattijon ikilisiya: Ɗana, wannan sai na sake karanta Littafin Mahukunta sura 6 a natse. Ka zo da ita ranar Laraba, kai za ka buɗe mana nazarin.