Ina neman shawara: haɗin gwiwa da na waje kan binciken lafiyar tsofaffi

Maman Hanif: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ni ma'aikaciyar jinya ce, ina digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma. So nake in yi aikina a kan tsofaffin ƙaramar hukumarmu, 'yan shekara 60 zuwa sama, musamman mantuwa da kasa tashi da yawan faɗuwa. Malamina ya ce in duba ko akwai masu bincike na waje da za mu haɗa gwiwa da su. Ta ina ake farawa? Kuɗi fa babu, gaskiya.

Dakta na Shika: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, kafin ki leƙa waje, fara da Ibadan. Tun 1992 likitocin Ibadan suka haɗa kai da jami'ar Indiyana ta Amurka, su Farfesa Osuntokun da Ogunniyi a nan, Hugh Hendrie a can. Tsofaffin Yarbawa na Ibadan suka bi, suka kwatanta su da baƙaƙen fatar birnin Indiyanafolis, da ma'auni iri ɗaya. Sakamakon da suka fitar a 2001 ya nuna sababbin masu kamuwa da cutar mantuwa a Ibadan ba su kai rabin na can ba. Har yau ana kafa hujja da wannan aikin. Ki karanta shi da binciken tsufa na Ibadan da Farfesa Oye Gureje ya jagoranta. Duk Bature da za ki rubuta wa, abu na farko da zai so ya gani shi ne kin san abin da aka riga aka yi a ƙasarki.

Maman Hanif: Na gode Dakta. A arewa fa, ba a yi komai ba ne?

Dakta na Shika: An yi, ta wata ƙofar. Binciken SIREN kan shanyewar ɓarin jiki, na Najeriya da Gana, Kano da Zariya suna cikin wuraren da aka ɗebi marasa lafiya. Farfesa Mayowa Owolabi na cikin jagororinsa, kuɗin kuma daga hukumar binciken lafiya ta Amurka ƙarƙashin shirin H3Africa na binciken gado da lafiya a Afirka. Hawan jini suka samu a sahun gaba nesa ba kusa ba, kuma masu yawan cin ganye sun fi tsira. Mutanen da suka yi wannan aikin suna nan a asibitocin koyarwa. Su za ki fara yi wa sallama.

Ɗan Zangon Kumasi: Hajiya, idan alƙaluma kike so ba tare da kin kashe ko sisi ba, ki nemi na SAGE, binciken tsufa da lafiyar manya. Na Hukumar Lafiya ta Duniya ne, ƙasashe shida: Gana, Afirka ta Kudu, Indiya, Sin, Meziko da Rasha, 'yan shekara 50 zuwa sama. Zagayen farko tsakanin 2007 da 2010 aka yi shi. Rajista za ki yi, ki faɗi abin da za ki yi da su, a ba ki. Ni takardar tambayoyinsu ma ta fi yi min amfani fiye da alƙaluman, don an riga an gwada ta a gidajen Afirka ta Yamma. Najeriya dai ba ta ciki, wannan kuma ku za ku tambayi kanku dalili.

Alhajin Lissafi: Kai Ɗan Zango, sai ka sako tsiya. Amma gaskiyarka. Ki ƙara da binciken tsufa na HAALSI da ake yi a Agincourt a Afirka ta Kudu, haɗin gwiwar Harvard da jami'ar Wits, mutum dubu biyar da 'yan kai, daga shekara 40. Ƙanen babban binciken Amurka ne na lafiya da ritaya da jami'ar Mishigan ta fara a 1992, wanda Ingila da Indiya da Sin duk suka yi irin nasu. Dabarar ita ce kowa ya yi tambayoyi masu kama da juna don a iya kwatantawa. Idan tambayoyinki sun hau wannan layin, an fi saurin sauraronki.

Sai dai bari in ja kunnenki a kan abin da ke rusa irin wannan aiki a wajenmu, wato shekaru. Kin je gida kin tambayi Inna shekarunta, jikanta ya leƙo daga zaure ya ce ai ta kai ɗari. Ki rubuta ɗari? In kin tattara takardunki za ki ga kowa 60 ne ko 70 ko 80, babu mai 63, babu mai 77. Duk mai duba aiki a waje da ya ga haka ya san ƙiyasi aka yi. Wani mai bincike, Saul Newman, har kyautar Ig Nobel, wadda ake bai wa binciken da ke ba da dariya sannan ya sa tunani, ya samu a 2024 don ya nuna cewa yawancin wuraren da ake yaɗa suna da masu shekara ɗari da ɗoriya, wurare ne da rajistar haihuwa ba ta da kyau. To ina ga mu?

Maganinsa kalandar abubuwan tarihi. Lokacin da aka kashe Sardauna a 1966, kina gidanku ko an kai ki ɗaki? Da aka canza fam zuwa naira a 1973, 'ya'yanki nawa? Kisan Murtala a 1976, wa kike goyo? Daga shekarun ɗan fari sai ki yi lissafi baya. Ki zauna da mai unguwa da liman ku ƙara na garin, shekarar da aka naɗa hakimi, shekarar gobarar kasuwa. Tambaya uku da suka dace da juna sun fi katin shaida.

Ba'are daga Maraɗi: Haka yake ranka ya daɗe. Mu nan takardun tsofaffi da yawa cewa suke an haife shi wajajen shekara kaza, ba rana ba wata. Da juyin mulkin Seyni Kountché na 1974 muke aunawa, ga shi ya zo daidai da babbar yunwar nan, ba wanda ya manta ta.

Anti Nas: 'Yata, ni ta wajen kayan aiki zan zo miki. Kada ki ɗauko gwajin ƙwaƙwalwa na Turai da ake cewa mutum ya zana agogo ko ya rubuta jimla. Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe biro ba za ta faɗi, ki rubuta mata mantuwa alhali ta fi ki sanin bashin da kowa ke bin kowa a unguwa. Akwai gwajin IDEA da aka tsara a Tanzaniya tare da likitocin Ingila, aka kuma gwada shi a Najeriya. Tsinken ashana huɗu za ki jera wata siffa, ki ce ta jera irinta. Sai ta lissafo sunayen dabbobi cikin minti ɗaya. Ba karatu ba rubutu.

Na jiki kuma ki ɗauki ICOPE, tsarin duba lafiyar tsofaffi na Hukumar Lafiya ta Duniya, kyauta ne, har manhaja gare shi. A ciki akwai tashi daga kujera sau 5 cikin daƙiƙa 14 ba tare da dafa hannu ba, da gwajin ji ta hanyar yin raɗa a bayan kunne. Ki tafi da kujerarki ɗaya tak a bayan babur. In ba haka ba wannan gida kujerar tsugunno, wancan turmi a kife, awon ya tashi a banza.

Injiniya: Duk kun kewaye maganar kuɗi. Saudiyya ta kafa gidauniyar Hevolution a Riyad, an ce har dala biliyan 1 a shekara za ta iya kashewa kan binciken tsufa. Tana cikin masu ɗaukar nauyin gasar XPRIZE ta dala miliyan 101 kan tsawaita lafiya a tsufa, da aka buɗe a 2023. Me zai hana ta gwada?

Dakta na Shika: Injiniya, wannan ba rigarta ba ce. Can maganar ƙwayoyin halitta ake da magungunan rage saurin tsufa, sai mai babban ɗakin gwaji. Wanda ya fi kusa da ita shi ne shirin horon shekara ɗaya na cibiyar GBHI kan lafiyar ƙwaƙwalwa, a Dublin ko San Faransisko. Ba likitoci kaɗai suke ɗauka ba, har ma'aikatan jinya da 'yan jarida da masu zane. Amma bayan ta gama digirin, tana da abin nunawa.

Injiniya: To Allah ya ba da sa'a. Ni dai na ga ba a hana mutum tambaya.

Malama Mai Alli: Ba wanda ya taɓo yarjejeniya, ita ce kuwa inda ake kuka. Na taɓa yi wa wata tawaga aikin tattara bayanai, mu ne shiga gida gida, mu ne lallashin tsofaffi su yarda a ɗebi jini. Da takarda ta fito, sunanmu a can ƙasa wajen godiya, jinin kuma yana firjin wata ƙasa, ko leƙa alƙaluman ba mu da izini. Don haka tun kafin ki cika fom ɗaya, a rubuta: wa ke da alƙaluman, sunan wa zai hau takarda, samfurin jini in zai fita waje da wane sharaɗi. Ki sami amincewar kwamitin ɗa'ar bincike na nan gida, ko da na can sun ce nasu ya wadatar. Sannan a sa kuɗin magani a kasafi. Za ki auna hawan jini, za ki tarar da masu shi da yawa ba su sani ba, ba kuma za ki ce musu sai an jima ki wuce ba.

Ɗan Zangon Kumasi: Malama ta gama magana. A ƙara da komawa a faɗa wa mutanen gari abin da aka gano, da Hausa, a ƙofar fada.

Maman Hanif: Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma. Zan fara da kalandar shekarun da gwajin ashana a mazaɓa ɗaya, in ga yadda za ta kaya. Anti Nas, kujerar mai hannu ce ko marar hannu?

Anti Nas: Marar hannu, mai ƙwari, ki jingina ta da bango. Ki tsaya kusa da su kuma, wasu jiri ke ɗibarsu a tashi na uku.