Ina da ƙari a jijiyar kunne kuma ina son ƙara haihuwa, ku ba ni shawara

Ummu Hanan:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina karanta ku ban taɓa yin magana ba, yau dai abin ya ishe ni. Shekaruna 31, 'yata ɗaya, tana shekara huɗu. Bara na lura kullum in aka kira ni a waya sai na mayar da ita kunnen dama, na hagu kamar an toshe shi da auduga, ga wata ƙara shuuu da ba ta tsayawa. Na ɗauka datti ne, har wanke kunne na yi. Daga baya likitan kunne, hanci da maƙogwaro ya tura ni hoton MRI, aka ga ƙari a jijiyar da ta taso daga can cikin kunne zuwa ƙwaƙwalwa. Akustik niyuroma suke ce masa. Ba na daji ba ne, alhamdulillah. Milimita 9 ne a hoton farko, bayan wata shida ya zama 10. Likita ya ce kada a taɓa shi, a riƙa dubawa kawai.

To ni ina son na cire ashanar hannu na samu ciki. Maigida bai matsa min ba, amma Hajiyarsa ta fara cewa Hanan ta isa samun ƙani, kuma ba ta san da maganar ƙarin ba. Tsorona kada ciki ya sa ya girma. In jira ne? In nemi a cire shi tukuna? Akwai wadda ta taɓa shiga irin wannan?

Maman Sadiq:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba ki lafiya ƙanwata. Ki gwada man habbatussauda da ɗumi, ɗigo biyu safe da dare, kakata da shi ta rabu da ciwon kunne.

Anty Nas:
Maman Sadiq, don Allah a'a. Wannan abin ba a ramin kunne yake ba, yana can bayan dodon kunne, cikin ƙashin kai, babu ɗigon da zai kai wurin.

Ummu Hanan, ni ma'aikaciyar jinya ce, na yi shekaru a ɗakin awo, amma abin da zan faɗa ba zai maye gurbin likitanki ba. Daga 9 zuwa 10 likitoci ba sa ƙirga shi girma, don ko hoto ɗaya aka ba mutum biyu su auna za a iya samun wannan bambancin. Sai ya ƙaru da fiye da milimita 2 ake cewa ya motsa. Irin wannan ƙari a hankali yake tafiya, da yawa ma tsayawa suke yi shekara da shekaru. Naki ƙarami ne. Waɗanda ke tayar da hankali su ne masu kai santimita 3, don suna danne gindin ƙwaƙwalwa, su tare hanyar ruwan da ke zagaya ta.

Batun ciki kuwa, bincike bai tabbatar da cewa ciki na sa shi girma ba. Abin da aka sani shi ne jinin mai ciki yana ƙaruwa da kusan rabi, jiki na riƙe ruwa, shi ya sa mai babban ƙari alamunta kan tsananta, musamman a watannin ƙarshe. Matsalar ta gaske ita ce da zarar ciki ya shiga, hannun likita ya ɗaure. Ruwan gadoliniyam da ake yi miki allurarsa don hoto ya fito sarai, ana kauce masa ga mai ciki. Ana iya MRI ba tare da shi ba, wannan ba laifi. Gasa ƙari da haske, irin na na'urar Gamma Knife, ba a yi wa mai ciki. Tiyata sai in ta zama dole, kuma an fi so a yi ta tsakanin wata na huɗu zuwa na shida.

Don haka in ni ce, ba zan cire ashana ba sai na sake hoto. Ki je ki ce wa likitan kai tsaye: ina son ɗaukar ciki a bana, me ka gani? Yawancinmu ba ma faɗa musu, sai mu dawo da ciki wata uku.

Ummu Hanan:
Na gode Anty. Wallahi kunya ce ta hana ni faɗa masa, namiji ne, ga ɗalibai cike da ɗakin. Hoto na gaba sai nan da wata huɗu. Kuma kuɗinsa ba wasa ba, sai da muka taɓa adashena wancan karon.

Hajiya Turai:
'Yata, wata huɗu kamar gobe ne. Uwar mijinki kuma ba sai kin zauna kin yi mata bayani ba, ɗanta ya faɗa mata likita ya ce a ɗan dakata. Bakinsa ya fi naki nauyi a wurinta. Amma ita kunyar likita ki ajiye ta a ƙofar asibiti.

Zee Kaduna:
Ni ce wadda kike nema. Nawa a dama yake, milimita 12, an gano shi a 2019, na haihu a 2022. Kafin na ɗauki ciki an yi min hoto sau uku bai motsa ba, sannan likitan ƙwaƙwalwa ya rubuta wa likitar mata takarda aka sa a katina na awo. Wannan takardar ta yi min rana, don duk wanda ya karɓe ni ba sai na fara labari daga farko ba.

Abin da ya fi wahalar da ni laulayi ne. Da ma wannan jijiyar ita ke riƙe daidaiton jiki, sai jirin ƙari ya haɗu da jirin ciki. Da daddare in NEPA ta ɗauke wuta, bango nake bi zuwa banɗaki, sai da maigida ya saya min fitilar caji na ajiye a gefen gado. Likitar ta ja min kunne cewa kada in ɗora komai a kan laulayi. Ciwon kai mai tsanani da ke tashina da asuba tare da amai, ko gani biyu-biyu, ko rabin fuska ya yi sanyi kamar an yi min allurar haƙori, ko tafiya ta rikice, ta ce in taho a ranar, kada in jira ranar awo.

Da kaina na haihu, ba a yi min aiki ba. An ce min masu babban ƙari ne ake hana su yunƙuri, har allurar baya ma sai an yi nazari kafin a yi musu. Wata uku bayan haihuwa aka sake hoto da ruwan allurar, ban daina shayarwa ba, ƙarin yana nan a milimita 12.

Abu biyu da babu likitan da ya faɗa min. Na farko, in na kwanta a kan kunnen da ke ji, yaro zai yi ta tsala kuka ban sani ba. Ranar da na farka na tarar da shi ya yi jawur don kuka, ni ma zama na yi na yi nawa. Daga ranar na koma kwana a kan mataccen kunnen. Na biyu wankan jego. Tururin ruwan zafi ya taɓa ɗebe ni na tafi luuu, Allah ya sa Gwaggo na riƙe da ni. A zaune kan kujera 'yar tsugune na ƙarasa arba'in ɗina, ruwan ma an sirka.

Maman Ilham:
Tambaya, yaron ba zai gada ba?

Anty Nas:
In a kunne ɗaya ne, kamar yadda yake ga mafi yawan mutane, yawanci ba gado ba ne. Wanda ake gada shi ne mai kama kunnuwa biyu, NF2 ake ce masa, shi kam kowane ciki rabi da rabi ne. Ummu Hanan, tunda shekarunki ba su yi nisa ba, ki tambayi likita ko ya duba ɗaya gefen da kyau, ki kuma bincika ko a danginku akwai waɗanda suka kurumce tun suna matasa. Ki fara shan folik asid tun yanzu, ana so a fara kafin ciki ya shiga. In kina shan maganin jiri, ki tafi da kwalinsa ki nuna.

Ummu Hanan:
Allah ya saka muku da alheri. Zee, na karanta naki sau uku. Jiya da daddare na nuna wa Abban Hanan duk abin da kuka rubuta, ya ce shi zai yi wa Hajiya magana ranar Juma'a, kuma zai raka ni wurin likita don in kunya ta kama ni ya yi tambayar da bakinsa. Na kira Umma, ta ce a iya saninta babu mai matsalar kunne a gidanmu sai Baffa, shi ma sai da ya haura saba'in. Ashana tana nan a hannuna har a yi hoton. Zee, zan biyo ki ta akwatin saƙo, ina son ganin yadda aka rubuta takardar nan ta katin awo.