Wane irin barkono ne ya fito mini a bayan ɗaki?

Assalamu alaikum 'yan'uwa, don Allah ku taimaka mini. Farkon damina na shuka irin barkono da maƙwabciyata ta ba ni ƙulle a leda. Na ɗauka attaruhu ne, sai ga 'ya'ya sirara, ba su kai tsawon ɗan yatsa ba, tsaye cirko-cirko suna kallon sama. Da kore suke farawa, sannan su nuna jawur. Ba shambo ba ne, balle tattasai.

Guda 2 kacal na jajjaga a miyar taushe, yara suka kasa ci, hannuna kuma ya kwana yana raɗaɗi. Ko shi ne tsiduhu? In shanya shi in daka yaji ne, ko ɗanye ake amfani da shi? Ya yi 'ya'ya jingim, ba na so su ruɓe a banza.