Yaya zan tsara zaman tutoriyal na kwas ɗin kwantirol?

Sabon Malami ya rubuta:

Assalamu alaikum malamaina. A wannan zangon an ɗora mini kwas ɗin kwantirol (ilimin yadda na'ura ke sarrafa kanta da kanta) na 'yan aji huɗu a sashen injiniyan lantarki. Ɗalibai sun haura 140, an ba ni mataimaka uku masu karatun digiri na biyu, jadawali kuma ya ba mu awa biyu na lacca da awa ɗaya ta tutoriyal a mako. Zango mai zuwa duk za su tafi SIWES, wato koyon aiki a masana'antu, abin da bai zauna musu yanzu ba sai dai a aji biyar.

Abin da ke damuna shi ne yadda tutoriyal ke rikiɗewa ya zama lacca ta biyu. Mataimaki ya juya wa aji baya, ya cika allo da lissafin Laplace (dabarar sauƙaƙa lissafin yadda tsari ke sauyawa da lokaci), yara su kwafe, a watse. Ranar jarrabawa za su cike maka teburin Routh (mai nuna ko tsari zai natsu ko a'a) tsaf, amma ka ce musu me zai faru da tsarin idan aka ninka K, wato ƙarfin gyaran da tsarin ke yi wa kansa, sai a yi tsit. In raba su gida uku ne ko shida? In gauraya masu ƙoƙari da masu rauni? Sannan in sa maki a kan halarta?

Dattijon Sashe ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, raba su gida shida, kowane mataimaki ya ɗauki biyu. Mutum 47 a ɗaki ɗaya ai taro ne, babu mai buɗe baki. Da 23 ko 24 kuwa, cikin mako uku mataimaki ya san sunan kowa.

Amma aikin ba a rabon yake ba, yana wajen mataimakanka. Ka zauna da su rabin awa kowane mako kafin zaman farko, su warware tambayoyin a gabanka. Za ka sha mamakin yadda mai digiri na biyu ke tuntuɓe a zanen Bode, mai nuna yadda tsari ke amsa siginar da ke lilo a sauri daban-daban. Idan ba ka yi haka ba, rukuni shida za su fito da kwas shida.

Tambaya uku ta isa, a manna ta kwana uku kafin zama. Ga irin wadda nake so. Ɗauki K bisa s(s+1)(s+2) cikin zagayen fidbak, inda ake mayar da sakamako a kwatanta shi da abin da ake so. Kafin kowa ya fara lissafi, ka ce su zana da hannu yadda suke zaton tsarin zai amsa idan K tana 1, sannan 5, sannan 7. Su yi musu a kai, su ɗaga murya ma. Bayan nan su fitar da s³+3s²+2s+K, teburin Routh ya nuna musu iyakar tana kan 6. A 1 zai ɗan zarce ya dawo ya natsu, a 5 zai daɗe yana lilo kafin ya tsaya, a 7 lilon ƙaruwa zai yi ta yi. A daidai 6 kuma lilo ne marar ƙarewa, wajen radiyan 1.41 a daƙiƙa. Yaron da ya yi zato ya faɗi ba ya mantawa. Dokata ɗaya ce: mataimaki ba ya taɓa alli sai an ci rabin awa.

Hajiyar Ɗakin Gwaji ta amsa:

Malam, na goyi bayan Dakta, Dattijon Sashe, sai dai ka fitar da su waje ko sau ɗaya. Ƙaramin janareta ya ishe ka. Mai kan maganaɗisu biyu dole ya riƙe juyi 3000 a minti kafin ya ba da 50 Hz. Ka jona mita mai karanta Hz, ka sa wani ya jona dutsen guga. Da kunnensu za su ji muryar injin ta faɗi, gwamnan injin (na'urar da ke daidaita gudunsa) ya ja maƙura, ta dawo. Idan ka samu wanda kafiretansa ta toshe ma ya fi, don zai riƙa hawa yana sauka shi kaɗai, ga lilon da Dakta ke faɗa a fili. Irin gwamnan nan injiniya James Watt ya sa wa injin tururi a 1788, kuma masanin kimiyya James Clerk Maxwell ya yi rubutu a kan lilon irinsa a 1868. A fili za a yi saboda hayaƙi, kada kuma a bar su su taɓa sifirin ɗin gwamnan.

Batun kwamfuta, kada ka jira lasisin manhajar lissafi ta MATLAB. Makamanciyarta Octave kyauta ce, tana da kunshin kwantirol, kuma umarnin step da bode duk suna aiki. Laftof ɗaya mai caji ga mutum huɗu ya wadatar.

Tsohon Ɗalibi ya amsa:

Ranka ya daɗe, bari in faɗi ta ɓangarenmu. Gaurayawar nan daɗin faɗa gare ta, amma a aikace mutum ɗaya ne ke yin komai, sauran su sa suna. Idan za a gauraya, mataimaki ne zai zaɓi mai fita allo, ba rukuni ba. 'Yan matan ajinmu kaɗan ne, da aka warwatsa su ɗaya-ɗaya sai suka yi shiru gaba ɗaya. Gara a sa su bibbiyu.

Maki kuwa dole ne. Amma takardar sa hannu ba ta da amfani, aboki zai sa maka. A ba da 'yar tambaya ta minti biyar a ƙarshe, ita ce halarta, ita ce makin gwaji. Kuma don Allah irin tambayar zaton nan ta fito a jarrabawa. Idan ba ta fito ba, kowa zai koma haddar tsofaffin tambayoyi da dare. A guji Juma'a da rana, da bayan la'asar saboda masu zama cikin gari.

Sabon Malami ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai. Zan nemi ɗakuna gobe in Allah ya kai mu. Dakta, da wane darasi zan buɗe zaman farko?

Dattijon Sashe ya amsa:

Kada ka fara da kwantirol. Mako biyun farko ka ba lambobi masu j (complex numbers) da rarraba ɓangarori (partial fractions) don juyo Laplace. Sun yi su a aji biyu da uku, rabinsu sun manta, kuma a nan ne yawanci ake zubewa. Janaretan Hajiya ka sa shi mako na uku.