Waɗanda aka sallama, aka sake kiransu a matsayin konsultan: yaya kuka yi da lanho?

Ɗan Birni: Salamu alaikum jama'a. Tun da Amurka ta tsayar da kuɗin hukumarta ta agaji, USAID, a farkon 2025, ƙungiyar da nake wa aiki ta rage ma'aikata, ni ma ina ciki. Yanzu sun dawo suna so in riƙa yi musu aikin bibiyar gonaki a Mirya da Magarya, amma da kwantiragin konsultan, biya a kan kowace rana. Kuɗin ya fi albashina na da idan aka lissafa wata. Kontabul ɗinsu ya ce in kawo NIF, wato lambar rajistar mai biyan haraji, kafin a sa hannu. Waɗanda suka bi ta nan, me zan tarar a gaba?

Tsohon kontabul, Zango: Wa alaikumus salam ƙanena. Kada yawan kuɗin ya ruɗe ka. Lokacin da kake ma'aikaci, su ke cire ITS, harajin albashi, daga albashinka su kai, ba ka taɓa taka ofishin lanho ba. Yanzu kai ne kamfanin kanka, ribar da ka samu ake wa haraji, kuma kai za ka je ka bayyana ta. Sa'ad da na fara aikin konsultan a 2024, kowace faktir da na miƙa sai an riƙe kashi 2 cikin 100 saboda ina da NIF. Wani abokina da ba shi da ita kashi 5 ake riƙe masa. Wannan da ake riƙewa kafin alƙalami ne, ana lissafa maka shi cikin abin da za ka biya daga baya, amma sai in kana da takardar shaida daga wanda ya riƙe. Ka nemi takardar nan duk ranar da aka biya ka. In furoje ya rufe, mutanen sun koma Yamai, wa za ka bi?

Hajiyar Garin Malam: Malam kontabul ya faɗi ta lanho, ni ta CNSS, asusun fansho da tallafin ma'aikata, ce ta fi ci mini rai. Da ina ma'aikaciya ana cire mini kashi 5,25, mai aiki yana zuba kashi 16,4 a kaina. Ranar da na zama konsultan duk wannan ya tsaya cik, har da kuɗin yara da nake karɓa. Babu hutun shekara, babu inshorar asibiti, ranar da na kwanta zazzaɓi ba a biya. Da na zauna na cire duk waɗannan daga kuɗin ranar da suka yi mini tayi, sai na ga ƙarin da nake murna da shi kusan babu shi. Na koma na ce su ƙara, suka ƙara kaɗan. Wanda ya kusa shekara 60 ya je CNSS ya tambayi yadda zai ci gaba da zubi da kansa, kada fansho ya sami giɓi.

Ɗan Birni: Hajiya, Allah ya saka. To TVA fa, harajin da ake ɗorawa a kan kuɗin kaya da aiki?

Tsohon kontabul, Zango: Ya danganta da tsarin da suka sa ka. Mai ƙaramin ciniki haraji ɗaya dunƙulalle yake biya, ba ya ɗora TVA. Wanda ke tsarin lissafin gaskiya, wato ake yi masa haraji a kan ainihin cinikinsa da ribarsa, yana ɗora kashi 19 a kan faktir, kuma kuɗin nan ba nasa ba ne, ajiya ce ta gwamnati. Ka tabbata kwantiragin ya fayyace ko kuɗin ranar har da TVA ne ko ban da ita. Na san wanda wannan layi ɗaya ya cinye masa kuɗin babur.

Malamar Sabon Gari: Ni ban yarda na sa hannu ba. Tebur ɗaya, shugaba ɗaya, shiga ƙarfe takwas, a rubuta suna a rajista kamar da. To me ya canza in ba sun sauke nauyinsu a kaina ba? Na je wajen sufeton ƙwadago, ya ce dokar aiki ta 2012 ba sunan takarda take dubawa ba, in kana ƙarƙashin umarnin mutum yana biyanka, ma'aikacinsa ne kai. Ya kuma tuna mini cewa wanda aka sallama don ƙarancin kuɗi shi ke da fifiko idan za a sake ɗaukar irin aikinsa. Yaya Ɗan Birni, sun gama biyanka haƙƙin sallama kuwa? Ka karɓe shi cif kafin sabon zance, kada a cakuɗa maka biyun.

Direban da, Tanut: Ku masu biro kuna da sauƙi. Ni mota suka ce in nemo in riƙa yi musu haya. Aiki ya ƙare, na koma kiwo, NIF tana nan a buɗe. Ashe ko ba ka samu ko dala ba sai ka je ka bayyana cewa babu, in kuwa ka daina sana'ar sai ka rubuta musu a dakatar. Tara ta taru kafin wani ya gaya mini.

Ɗan Birni: Haƙƙin sallama saura rabi, Malama. Gobe in sha Allahu zan fara zuwa kansa, daga nan in wuce ofishin lanho da kwafin kwantiragin. Malam kontabul, in kawo maka shi ka duba layin TVA ɗin bayan la'asar?