Musayar waƙa: Kaiton Nineba, babban birnin Assuriya (shekarun da aka ambata na kafin haihuwar Almasihu ne)

Dattijon Zonkwa:
Annabi Nahum na Elkosh ya yi shela,
Babi uku, babu wasa:
Birnin jini, ranarki ta zo,
Nineba, za ki sha ƙasa.

Talatu K.:
Baba, ka tsallake tushen zance,
Hukunci ba ya zuwa banza.
A 722 Assuriyawa suka ci Samariya,
Suka kwashe jama'arta da izza.
A 701 sarkinsu Sennakerib yana birnin Lakish,
Ya tula ƙasa jikin ganuwa,
Ya hau da gungumen fasa bango,
Ya tsire kamammu ba tausayawa.

Dattijon Zonkwa:
'Yata, waƙa muka zo yi,
Ko jarrabawar lissafi?
Ishaya ya ce da Assuriya gatari,
Mai sara ne ke da ƙarfi.

Malam Bitrus: Talatu, furta 722 da baki ki ji. Ɗango ya kumbura, kari ya karye. "Banza" da "izza" ma amsa-amon dole ne.

Ladi 'yar Kwoi: Malam, "lissafi" da "ƙarfi" fa? Ko don na Baba ne ka kau da kai? Talatu, Allah ya ƙara basira!

Talatu K.:
Malam mai awo, karɓi wata lambar:
612, Mediya da Babila,
Wata uku suna kewaye da birni,
Ƙofofin kogi suka buɗe, sai wahala.
Kogin Kosar ke ratsa tsakiyar gari,
Tubalin laka ba ya son ruwa,
In ya jiƙa gindi ya zauna,
Fada ta narke, ga ta faɗuwa.

Malam Bitrus:
Narkewar fada Nahum ya faɗa,
Babi na biyu, aya ta shida.
Allon tarihin Babila ya ambaci yaƙi,
Bai ce ruwa ya ci gida ba.

Ladi 'yar Kwoi: Wannan "ba" ta ƙarshe ta kashe maka amsa-amo, mai gyaran na wasu!

Malam Bitrus: Nahawu ya tilasta ta. In na cire, ma'ana ta juye.

Ɗanjuma: Sai yanzu na ga wannan.
Ku bar faɗa, ina Yunusa?
Kwana arba'in ya ba su, suka tuba.
Jikoki suka koma gidan jiya,
No-amon ta Masar ta faɗi a 663, ba su duba ba.

Dattijon Zonkwa:
Ɗana, su ne suka ci No-amon,
Sarki Ashurbanifal ya kwashe ganima.
Nahum cewa ya yi: kin fi ta ne?
Gyara baitinka, Ɗanjuma.

Ladi 'yar Kwoi: Malam, ɗangon Ɗanjuma na huɗu ya fi na Talatu tsawo, kuma shiru kake yi.