Kwalbar ruwan ɓeran Masar: guda nawa kuke ajiyewa?

Maman Khalifa, Ringim: Assalamu alaikum 'yan zaure. Yarana na kiwon ɓeran Masar guda uku. Kwalbarsu mai bakin ƙarfen nan ta fara ɗiga, kafin safiya duk harawar da na shimfiɗa musu ta jiƙe. In sayi ɗaya kawai, ko in haɗa da ta ajiya?

Malam Sabo, Gumel: Wa alaikumus salam. Hajiya, ki rataye biyu a keji, ta uku ki ajiye a ɗaka. Ɗiga da sauƙi, tunda ido na ganinta. Toshewa ce abin tsoro. Suna shan ruwa da abinci a baki, sai dusa ta koma cikin bututun ta liƙe ɗan ƙwallon ƙarfen da ke tare ruwa a bakinsa. Ki ga kwalba cike taf, dabba kuwa na fama da ƙishi. Kowace safiya ki taɓa ƙwallon da yatsa har ruwa ya fito.

Anti Rabi, Dambatta: Gaskiyar Malam, balle da bazara. Asalinsu daga duwatsun Andes ne, can wajen Peru, inda ake sanyi. Zafi ya kai digiri 30 sun fara galabaita, mu kuwa a Afrilu har 40 yake wucewa. Babba mai kilo ɗaya yana shan kusan mililita 100 a rana. Ni da azahar nake cire kwalbar da ta ɗumama, in sa wadda na cika daga randa.

Baba Idi, Kazaure: Ni ƙaramin kasko na sa musu, mai nauyi da ba za su kifar ba. Ba kowa ke da kuɗin kwalba uku ba.

Anti Rabi: Baba, kasko ya yi, amma kashi da dusa suke zubawa ciki, sai an riƙa sauya ruwan safe da yamma.

Maman Khalifa: To gansakukar da ke fitowa a cikin kwalbar fa? Soso ba ya shiga bakin.

Malam Sabo: Ki zuba ɗanyar shinkafa kaɗan da ruwan ɗumi, ki toshe bakin ki girgiza sosai, ki ɗauraye. Nan ma amfanin ta ajiya ke nan: ɗaya na bushewa, ɗaya na aiki. Kuma ki janye kejin daga rana. Kada ki jefa ƙwayar bitamin C a ruwan, saurin lalacewa take yi, ɗanɗanon kuma ya hana su sha. In bitamin ɗin kike so su samu, tattasai da ɗan yankan gwaiba sun fi.

Maman Khalifa: Allah ya saka da alheri. Babansu zai shiga Kano ranar Asabar, zan ce ya duba a Sabon Gari wajen masu kayan kiwon kaji.